Shimfiɗar cikin takalmin zamiyar ƙanƙara: wacce za ka saya, kuma yaya za ka saka ta

Idan ka sayi sabon takalmin hawan allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, zura hannu ciki ka zaro shimfiɗar da kamfani ya saka, ka gwada naɗe ta. Galibi za ta naɗu ba gardama. Soso ne falle ɗaya mai kaurin 'yan milimitoci, an lulluɓe shi da ƙyalle, an buga tambari a diddige. Ko a takalman Burton, ThirtyTwo, Salomon ko K2 masu tsada, inda ake ɗan ƙara roba a ƙarƙashin diddige, shimfiɗar ita ce ɓangaren da aka fi yi wa rowa. Kamfanonin suna da hujjarsu: ba su san ƙafar da za ta shiga takalmin ba, don haka suke yin abin da ba zai takura wa kowa ba a minti biyar ɗin da ake gwaji a shago. Matsalar ita ce a kan dutse ba minti biyar ake yi ba.

Abin da ke faruwa da ƙafa a ciki

Takalmin kashi biyu ne: kwanson waje mai ɗan tauri, da ƙaramin takalmin soso na ciki wanda ake iya zarowa. A cikin na soson shimfiɗa take zama, kai tsaye ƙarƙashin safa.

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ɗabi'arta ce ta baje idan ta ɗauki nauyi. Duk lokacin da ka danna gefen allo da yatsun ƙafarka suke kallo don yin kwana, nauyinka yana sauka a gaban ƙafa, kwarmin tafin ƙafa ya faɗa ƙasa, idon sawu ya karkata ciki, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi. A tafiyar yau da kullum wannan ba komai ba ne, tunda kowane taku ƙafa tana samun hutu. A kan allo kuwa a ɗaure take, kuma tana iya daɗewa a danne, musamman wajen ratsa doguwar gangara a gefen yatsu. Ƙananan tsokokin tafin ƙafa su yi ta faman riƙe kwarmin har su gaji, daga nan sai zafin nan mai ƙuna ya taso a tsakiyar tafi, wanda kan sa mutum ya zauna a gefen hanya ya kwance takalmi.

Sauran matsalolin daga nan suke biyo baya, ɗaya na jan ɗaya. Ƙafar da ta ƙara tsawo tana tura babban yatsa ya riƙa dukan bakin takalmi, har farce ya yi baƙi. Diddigen da ba shi da mazauni yana ɗagawa a kowace kwana. Mai takalmin sai ya ƙara tamke igiya ko ya ƙara murɗa BOA (maɓallin da ke tamke wayar ɗaure takalmi), jijiyoyin jinin da ke bi ta saman ƙafa su matsu, yatsu su mutu, sanyi ya shige su. Da yawa daga masu kukan cewa takalminsu ba shi da ɗumi, matsi ne yake damunsu.

Aikin shimfiɗa mai kyau shi ne ta riƙe diddige wuri ɗaya, ta cike gurbin da ke ƙarƙashin kwarmi yadda ƙafa ba za ta baje fiye da kima ba. Laushi yana zuwa ne daga baya, kuma a ganinmu shi ne abin da ya fi yaudarar masu saye. Shimfiɗar da ka danna da yatsa ta lotsa, ta yi maka daɗi a shago, ita ce za ta lafe ƙarƙashin nauyinka tun kafin azahar.

San ƙafarka tukuna

Jiƙa tafin ƙafa ka taka kwali busasshe, kana tsaye da nauyinka duka. Idan sawun ya fito cikakke, ba gurbi a gefen ciki, kwarminka a kwance yake. Idan kusan rabin tsakiyar ya fito, matsakaici ne. Idan siririn layi kawai ya haɗa diddige da gaban ƙafa, ko ma ya yanke, kwarminka mai tsayi ne.

Wannan gwajin shi kaɗai bai isa ba, domin ƙafa shimfiɗaɗɗiya iri biyu ce. Yi ɗage a kan yatsunka ka duba madubi. Idan kwarmi ya bayyana da ka yi ɗagen, ƙafarka mai lanƙwasuwa ce, za ta karɓi tallafi matsakaici kuma za ta ji daɗinsa ƙwarai. Idan ko a ɗagen tana nan a baje, ƙafar mai tauri ce, kuma duk wani tudu da ka cusa ƙarƙashinta ƙwarzane zai zame mata. Irin wannan ƙafar shimfiɗa mai gajeren tudu take so, mai ɗan sassauci.

Akwai awo na biyu da masu daidaita takalmi suke yi. Auna tsawon ƙafa a santimita kana zaune, sannan ka sake aunawa kana tsaye. Idan bambancin ya kai kusan rabin santimita, ƙafarka tana bajewa sosai, kuma kai ne za ka fi kowa cin moriyar shimfiɗa mai ƙarfi. Rabin santimita ba abin rainawa ba ne: a ma'aunin Mondopoint da ake amfani da shi a waɗannan takalma, wanda tsawon ƙafa ne a santimita, rabin lamba ke nan cur.

Sai kuma sararin da ke cikin takalmin, wanda mutane suka fi mantawa. Sabon takalmin da ya kama ƙafa daidai ba shi da wurin shimfiɗa mai kauri. Milimita biyu da ka ƙara a ƙasa, milimita biyu ne ka rage a saman ƙafa. Takalmin da ya sha hawa kuwa, soson cikinsa ya lafe ya buɗe, shi ne zai ɗauki mai kauri, har ma ta taimaka wajen cike shi.

Waɗanda ke kasuwa

Superfeet ita ce aka fi sani. Kamfanin Amurka ne da ya fara a 1977, kuma tsarinsa bai canza sosai ba: murfin roba mai tauri daga diddige zuwa tsakiyar ƙafa, soso mai ƙarfi a sama. Koriyar, wadda aka daɗe ana kira Green, tana da rami mai zurfi da faɗi na diddige, da tudu mai tsayi. Wajen riƙe diddige ba ta da wasa. Amma tana cin wuri, kuma tudun nata ya fi karkata baya, kusa da diddige, abin da wasu ƙafafu ba sa jurewa ko kaɗan. Ga mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ko mai matsattsen takalmi ba ma ba da shawararta. Shuɗiyar, Blue, ta fi sirantaka kuma tudunta matsakaici ne. Aibin su biyun a kan allo shi ne ba sa shanye bugu sosai. Mai yanka kwana a tsaftataccen fili zai so su. Mai yawan tsalle yana dira a kan daskararriyar ƙanƙara zai ji abin a diddigensa. Girman Superfeet da haruffa ake rubuta shi, kowane harafi ya ƙunshi lambobin takalmi fiye da ɗaya, don haka yanka ya zama dole.

Sidas, kamfanin Faransa da ya taso a 1975 daga harkar wasan zamiyar ski (wanda ake yi da siraran alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa), yana da jerin 3Feet na hunturu mai tsayin tudu uku: gajere, matsakaici da dogo. Wannan shi ne babban abin yabonta, domin ba ta tilasta wa kowace ƙafa siffa ɗaya. Ba ta kai Superfeet tauri ba, tana ɗan bin motsin ƙafa, kuma ba ta cika cin wuri ba. Idan mutum ya ce mana bai taɓa sayen shimfiɗa ba kuma ba ya son dogon bincike, nan muke tura shi. Currex EdgePro ta Jamus ma haka tsarinta yake, tsayi uku, siririya, mai sassauci. Mai nauyin jiki sosai ko wanda ƙafarsa ke karkata ciki da yawa zai iya jin cewa su biyun sun yi masa sanyin hali.

Remind da Footprint daga duniyar allon zamiya da allon taya suka fito, kuma hakan yana nunawa: hankalinsu ya fi karkata ga shanye bugu. A Remind, Destin ta masu gajeren kwarmi ce, Medic ta masu ɗan tsayi, Remedy kuma ana gasa ta ta ɗauki siffar ƙafa. A Footprint, Kingfoam soso ne mai shanye dira ƙwarai, Gamechangers kuma ita ce ake gasawa. Ga mai wuni a filin tsalle da zamiya a kan sandunan ƙarfe, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Abin lura biyu ne. Na ɗaya, yawancinsu masu kauri ne, sai ka tabbatar takalminka yana da wuri. Na biyu, Kingfoam shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta da tudu ba za ta magance zafin tafin ƙafa ba. Diddige da gwiwa take yi wa aiki.

SOLE ta Kanada tana tsakiya: gindinta mai ƙarfi ne, tudunta bayyananne, kuma ana gasa ta a gida. Tana zuwa da kauri uku, siririya, matsakaiciya da mai kauri, wanda ke sauƙaƙa zaɓe gwargwadon sararin takalmi. Wasu samfuranta da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi aka yi gindinsu, kuma shi wannan ɓawon yana tare sanyin da ke tasowa daga ƙasa. Tudunta yakan yi wa masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa yawa a farko ko da an gasa.

Biyu ne muke cewa a bar su a kan kanta: shimfiɗar jel ta kantin magani, da ta soso mai lotsawa irin na matashin kai. Ba su da ƙashin da zai riƙe komai, suna ƙara tazara tsakanin ƙafa da allo, shi kuma soson mai lotsawa yana taurara idan sanyi ya yi yawa.

Wadda ake yi wa mutum ta kansa

A shagunan da ke da gwanin daidaita takalmi, ana ɗaukar siffar ƙafarka a kan matashi na musamman ko da na'urar zuƙe iska, a gasa shimfiɗa a kanta, a goge gindinta da inji har ta zauna daram a takalmi. Ta fi ta kanti tsada nesa ba kusa ba, amma tana iya wuce takalmi biyu ko uku tana aiki. Ta cancanta ga wanda ƙafafunsa biyu ba su yi daidai da juna ba, ko mai kwarmi mai tsayi sosai, ko wanda ya gwada na kanti iri-iri abin ya ƙi.

A nan akwai tarko. Gwanaye da yawa hannunsu ya saba da takalmin ski, wanda kwansonsa roba ce mai tauri kuma ƙafa ba ta motsi a ciki, don haka sukan cike ƙarƙashin kwarmi da abu mai tauri har shimfiɗar ta zama kamar katako. Mai allo yana buƙatar idon sawunsa ya yi wasa gefe da gefe. Faɗa wa mai aikin tun farko cewa ta allo ce, ka nemi a bar tsakiyar da ɗan sassauci, a sa abin shanye bugu ƙarƙashin diddige. Idan kuma kana da shimfiɗar da likitan ƙafa ya rubuta maka, kada ka ɗauka za ta shiga kai tsaye. Da yawansu an yi su ne don tafiya, wasu tsawonsu kashi uku cikin huɗu ne na ƙafa, suna zamewa gaba a cikin takalmi. Kai wa likitan takalmin ya gani.

Gwaji a shago

Kada ka zaɓi girma da tsawon yatsu, tunda gaban yanke shi za a yi. Ajiye shimfiɗar a ƙasa ka taka. Diddigenka ya zauna cikin ramin gaba ɗaya, ba a kan bakinsa ba. Idan naman diddige ya zubo ta gefe, ƙara girma ɗaya. Tudun ya taɓa kwarmi ko'ina daidai, ba tsini a wuri ɗaya. Ɓangaren mai tauri ya ƙare kafin tudun gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasawa. Sannan ɗaga ɗaya ƙafar ka ɗan durƙusa a kan wadda ke bisa shimfiɗar. Gwiwarka ta tafi saitin yatsa na biyu. Gwada haka a ƙasa tsura ka kwatanta: idan shimfiɗar ta dace, rawar da idon sawu yake yi za ta ragu, kuma za ka gane nan take.

Tafi da takalmin da safar da kake hawa da ita. Safa ɗaya, siririya ko matsakaiciya. Safa biyu tana kawo naɗewa da bororo.

Yanka da sakawa

Zaro takalmin ciki daga kwanso, ka cire tsohuwar shimfiɗa. Ba a ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Masu yin haka suna ɗaga diddige ya fita daga gurbin da aka yi masa a cikin soso, sai ɗagawar da suke gudu ta ƙaru. An gudu ba a tsira ba.

Ɗora tsohuwar a kan sabuwar, ka daidaita su daga diddige da gefen ciki, ba daga yatsu ba. Zana layi da alƙalami, ka yanka da almakashi mai kaifi ta wajen layin, ka bar kamar milimita biyu. Saka ta ka shafa da hannu har ƙurya. Idan gaban ya tattare ko ya hau bango, fito da ita ka rage kaɗan, milimita ɗaya-ɗaya. Wanda ya zarce wajen yanka ba shi da gyara: shimfiɗar za ta riƙa zamewa, yatsu su riƙa jin bakinta. Bayan ta zauna, ɗan goge ƙasan bakin gaba da samfefa ya yi gangare, don ta bi lanƙwasar takalmin ciki. Idan takalmin siriri ne a tsakiya kuma murfin robar ya hau gefe yana lilo, wannan aikin injin shago ne, kada ka sa wa robar almakashi.

Ga masu gasuwa, bi abin da aka rubuta a kwali, domin kowane kamfani da zafinsa. Na SOLE, misali, tanderu ne a digiri 90 na Salshiyos, minti biyu, sannan a saka a takalmi a tsaya a kai minti biyu. A yanka kafin a gasa. Lokacin tsayuwar, raba ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu su kalli gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a rabe daidai. Idan ka bar idon sawu ya faɗa ciki a waɗannan mintunan, ka gasa matsalarka ke nan a jikin shimfiɗa. Tanderun da zafinsa ya wuce abin da ya nuna yana narka gam ya ɓamɓare ƙyallen sama, don haka ma'aunin zafi na daban yana da amfani.

Tsari ma yana da muhimmanci. Idan za a gasa takalmin ciki don ya ɗauki siffar ƙafa, a sayi shimfiɗa tukuna. Ana ɗumama takalmin ba tare da ita ba, a saka ta da zarar an fito da shi, sannan a zura ƙafa. Wanda ya gasa takalmi da tsohuwar shimfiɗa sannan ya canza, gurbin idon sawunsa zai koma ƙasa da inda ƙashin yake yanzu, kuma zai iya buƙatar a sake gashin.

Idan abin bai yi ba

Ba wa ƙafa lokaci. Sa takalmin a gida awa ɗaya ko biyu na 'yan kwanaki kafin ka fita, kuma a ranar farko ka riƙe tsohuwar shimfiɗar a aljihu. Ɗan tsami a kwarmi a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Zafi mai tsini a wuri ɗaya wanda bai lafa ba bayan fita uku ko huɗu yana nufin tudun ya yi tsayi ko ba ya inda ya kamata.

Mutuwar yatsu da ta fara bayan canza shimfiɗa, kusan kullum kauri ne ya yi yawa. Sassauta igiyar ƙasa, ka bar ta sama a tamke. Idan bai yi ba, koma siririya. Idan diddige yana nan yana ɗagawa ko da shimfiɗar ta zauna daidai, soson da ke kewaye da idon sawu ne ya buɗe, kuma maganinsa 'yan guntayen soso masu siffar harafin J da ake mannawa a jikin takalmin ciki ta waje, a zagaye ƙashin idon sawu ta baya da ƙasa. Zafi ko jin kamar tsakuwa a gindin yatsu, musamman tsakanin na uku da na huɗu, yakan zo ne daga matsewar gaban ƙafa. Ƙaramin tudu da ake mannawa a bayan tudun gindin yatsu, ba a kansa ba, yana buɗa ƙasusuwan. Idan ya ci gaba har bayan an cire takalmi, wannan maganar likita ce.

Ciwon gefen waje na ƙafa ko na gwiwa wani lokaci ba laifin shimfiɗa ba ne. Duba faɗin tsayuwarka da kusurwar maɗauran da ke riƙe takalmi a kan allo, da yadda ka matse ɗamarar idon sawu. Wasu maɗaurai tafinsu a ɗan karkace yake zuwa ciki, kuma idan aka haɗa da shimfiɗa mai dogon tudu, wasu ƙafafun sukan ji gyaran ya yi yawa.

Akwai kuma abin da babu shimfiɗar da za ta gyara: takalmin da ya fi ƙafa girma da cikakkiyar lamba ko fiye. Mutane da yawa da lambar takalmin yawonsu suke saye, alhali sabon takalmin allo ya kamata yatsu su taɓa bakinsa a tsaye, su ɗan janye idan an durƙusa. Shimfiɗa mai tallafi ma rage tsawon ƙafa take yi, don haka a babban takalmi sai sararin gaba ya ƙaru. Idan sararin kaɗan ne, falle mai tauri na milimita biyu ko uku a ƙarƙashin takalmin ciki, tsakaninsa da kwanso, zai cike. Idan ya wuce haka, kuɗin shimfiɗar gara a tara shi a sayi takalmi daidai.

Kowace yamma zaro shimfiɗar ta bushe daban, domin gumi a ƙarƙashinta yake taruwa, kuma takalmi mai danshi da safe shi ne takalmi mai sanyi. Kada a ɗora ta a kan hita ko kusa da wuta, musamman mai gasuwa, don za ta saki siffarta. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, da hannu. Alamar ta gama aiki ita ce tsagewa a murfin robar diddige, ko soson gindin yatsu ya lafe har ba ya dawowa, ko kuma ka ajiye ta a tebur ka ga ta karkata gefe ɗaya. Idan za ka mayar da ita sabon takalmi, sake gwada tsawonta da shimfiɗar sabon, domin kamfanoni ba siffar tafi ɗaya suke yanka ba ko da lambar ɗaya ce.